"Na tuba, ba ni ƙarawa": zunubi da gafara da ceto a bakin ƴaƴan Kiristocin Galmi da Ƙwanni

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wannan kuka. Yaro ya yi ɓarna, uwa ta karyo tsumagiya, tun ba ta sauka a jikinsa ba ya fara ihu: "Na tuba, na tuba, ba ni ƙarawa!" Kukan ɗaya ne a Ƙwanni da Illela da Malbaza, ba ya tambayar addinin mai gida. Na ji shi da magariba a wani gidan Kiristoci a garin Galmi, inda na sauka wajen wani abokina da muka yi lise tare. Ɗiyarsa mai shekara biyar ce ta tuntsurar da kwalbar man gyaɗa tana bin kyanwa. Uwar ta yi mata bulala biyu, ta tuba, aka ƙyale ta.

Da aka gama cin tuwo, mai gida ya tara iyalinsa bisa tabarma domin addu'ar dare kamar yadda suka saba. Ya karanta wani wuri cikin Littafi Mai Tsarki, ya yi bayani cewa Allah yana gafarta wa duk wanda ya tuba. Sai yarinyar, wadda hawaye bai gama bushewa a kumatunta ba, ta tambayi ubanta ko shi ma Allah sai ya yi bulala tukuna sa'an nan ya gafarta, kuma in yana yi, guda nawa yake yi. Manya suka fashe da dariya, ni ma na yi. Uban ne kaɗai bai yi ba. Ya daɗe shiru, daga baya ya ce mata a'a, Allah ba haka yake yi ba. Ta dube shi, ta dubi tsumagiyar da ke jingine a bango, ba ta ƙara cewa kome ba.

Tun daga wannan dare nake bin maganar. Kalmomi uku ne addinin Kirista ya aza gininsa a kansu: zunubi da gafara da ceto. Dukkansu kalmomi ne da Musulmi ke faɗi kullum, kuma dukkansu yaro ya riga ya ji su a tsakar gida da bakin rijiya tun kafin ya ji su a majami'a. Ma'anar da ya tsinta a tsakar gida ita ke riga ta fasto zama a ransa, kuma kafin ta motsa sai an yi shekaru.

Ƴan gidaje a bakin babbar hanya

Yawancin masu karatunmu sun san Galmi da abu biyu: albasa da asibiti. Ƴan mishan na ƙungiyar SIM, wadda aka kafa a 1893, sun shigo Nijar ta Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru suka yi zango a Tsibiri kusa da Maraɗi, sa'an nan a 1950 wani likita ɗan Amurka, Burt Long, ya buɗe asibitin Galmi a bakin hanyar da ta taso daga Ƙwanni ta nufi Madawa. A kewayen asibitin nan ne jama'ar Kiristoci Hausawa ta yi saiwa: masu jiyya da magina da direbobi da iyalansu, waɗansu ƴan ƙasar, waɗansu daga wajejen Maraɗi. Jikokinsu ne ke cika makarantar Lahadi yau. Da yawansu suna cikin ikilisiyar EERN wadda ta tsaya da ƙafarta a farkon shekarun 1960, ko cikin rassan da suka ɓalle daga gare ta daga baya. Galmi tana cikin gundumar Malbaza, garin siminti, wanda shi ma sai a 2011 aka raba shi da Ƙwanni ya zama gunduma mai zaman kanta.

A Birnin Ƙwanni akwai kuma ƴan Katolika, waɗanda yawancinsu asalinsu Benin da Togo da Burkina ne, ma'aikata da masu sana'ar hannu. Tun 2001 suna ƙarƙashin bishop na Maraɗi. A Illela da Badagishiri kuwa (Illelarmu ta jahar Tawa nake nufi, ba ta tsallaken iyaka ba) gidajen Kiristoci ƴan kaɗan ne ƙwarai. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen ƙasar nan ba. Ke nan ɗan Kirista a wannan yanki, abokan wasansa Musulmi ne, abokan zamansa a lakwal Musulmi ne, sau da yawa kakarsa da kawunansa ma Musulmi ne.

Harshen addininsa ma bai raba shi da su ba. Waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, sun riƙe kalmomin da suka taras a bakin mutane: Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, gafara. Bambancin da kunnen yaro ke fara kamawa shi ne a gidansu ana cewa Yesu, a gidan maƙwabta ana cewa Annabi Isa.

Yaushe alƙalami ke hawa?

Ga Musulmi maganar a sarari take. Ana haihuwar yaro tsarkakakke, ba ya ɗauke da alhakin kowa, kuma alƙalami ba ya hawa kansa sai ya balaga. Ana umurtarsa da salla yana ɗan shekara bakwai domin ya saba. Annabi Adamu ya yi kuskure, ya tuba, Allah ya karɓi tubarsa, magana ta ƙare a nan.

Kirista kuwa yana koyar da cewa faɗuwar Adamu ta shafi zuriyarsa duka, ta yadda kowane ɗan Adam ana haihuwarsa da zuciya mai karkata zuwa ga saɓo. Shi ake kira zunubin asali. Wanda ya fi kowa zurfafa wannan koyarwa ɗan Afirka ne, Agustin, wanda aka haifa a 354 a garin da ake kira Suk Ahras cikin Aljeriya ta yau. Hujjarsa guda kowace uwa a Adar za ta gane ta: ya ce ya ga jaririn da bai iya magana ba tukuna yana harara, fuskarsa ta canza don kishi, saboda ya ga ɗan'uwansa a kan nono. Mu ma mun san halin da yayayyen yaro ke shiga ranar da ya ga an goya ƙanensa. Mu mukan ce ƙuruciya ce. Agustin ya ce gado ne ya fara nuna kansa.

Daga nan Kiristocin suka rabu gida biyu. Ƴan Katolika suna yi wa jariri baftisma domin a wanke masa wannan gado, sa'an nan in ya yi wayo a koya masa faɗin zunubansa a gaban limaminsu. Paparoma Piyus na 10 ne ya tsai da shekarun wayon a wajen bakwai, cikin wata doka ta 1910. Abin lura ne yadda shekara bakwai ɗin nan ta haɗa gidaje biyu da ba su yi shawara da juna ba. Ikilisiyoyin da suka fito daga SIM kuwa ba su yi wa jariri baftisma. Ana yi masa suna, fasto ya yi addu'a, amma shiga ruwa sai mutum ya girma ya furta bangaskiyarsa da bakinsa. Tsakanin suna da baftisma akwai shekaru goma sha, kuma cikin waɗannan shekaru ne uwa da uba da malamar makarantar Lahadi suke ƙoƙarin gaya wa yaro cewa shi mai zunubi ne da ke bukatar mai ceto. Abin da suke faɗi ke nan. Abin da yake ji dabam ne.

Laifin da aka gani

Ka tambayi yaro ɗan shekara biyar ko shida mene ne zunubi, zai jera maka: satar sukari, zagin babba, ƙarya, ƙin zuwa aike. In ka ƙyale shi ya ci gaba zai haɗa da fasa tulu, da yaga riga, da fitsarin kwance. A wurinsa zunubi shi ne duk abin da ke sa a ɗauko bulala. Hausa tana da kalmomi da dama da babba ke rarrabewa, kuskure dabam, laifi dabam, alhaki dabam, saɓo dabam, amma yaro duk cikin ƙwarya ɗaya yake zuba su. Abin da ya fi haka, laifin da ba a gani ba bai cika zama laifi a gare shi ba. Shi ya sa labarin cewa Allah yana gani cikin duhu yake girgiza shi fiye da kowane wa'azi, domin an toshe masa maɓoya ta ƙarshe.

Waɗanda suka yi ajin ƙarshe na lise za su tuna da Jean Piaget, masanin halayen yara ɗan ƙasar Suwis. Cikin littafin da ya fitar a 1932 kan yadda yara ke yanke hukunci, ya ba su labarin yara biyu. Na farko an kira shi cin abinci, ya tura ƙofa bai san akwai faranti a bayanta ba, kofi 15 suka fashe. Na biyu ya faki idon uwarsa ya hau neman abin zaƙi, ya fasa kofi ɗaya. Ƙananan yara, har wajen shekara bakwai, yawancinsu suka ce na farko ya fi laifi, tun da ɓarnarsa ta fi yawa. Masu bincike da suka biyo baya sun nuna yara suna gane niyya tun kafin lokacin da Piaget ya zata, in an sauƙaƙa musu tambayar. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai ba yaran ba ne. Ita ɗiyar abokina ba da gangan ta zubar da man ba. An buge ta ne gwargwadon kuɗin man. Da ta saci ƙwayar gyaɗa guda da gangan, da wataƙila harara kaɗai za ta samu. Ashe mu manya ne ke hukunci irin na ƴan shekara biyar, sa'an nan da dare mu zauna muna gaya musu cewa Allah zuciya yake dubawa.

Akwai wata dabara ta koyar da yara da ta yaɗu a makarantun Lahadi na duniya, har da na Afirka: littafi marar rubutu. Wani mai wa'azi na birnin London, Charles Spurgeon, ya yi amfani da shi a 1866, shafi uku ne kawai: baƙi shi ne zunubi, ja shi ne jinin Yesu, fari shi ne zuciyar da aka wanke. Daga baya aka ƙara ruwan zinariya da kore. A Hausa abin yana shiga da sauri, domin harshen ya riga ya share masa hanya: muna da baƙin ciki da farin ciki, baƙar zuciya da farar zuciya, baƙar aniya da farar aniya. Sai dai yaro ba ya tsayawa a inda babba ya tsaya. Yana duban shafin, ya dubi bayan hannunsa, ya dubi Baturen asibiti. Saboda haka ne masu buga irin waɗannan littattafai a yau suka koma cewa shafin duhu da shafin tsabta. Gyara ne mai kyau, ko da yake ya makara da shekaru da yawa.

Bashin da aka yafe

Kalmar gafara ta fi sauran yawo a bakinmu. Mai amalanke yana cewa "gafara dai" a ba shi hanya, ana ce wa malami "Allah gafarta malam", mace tana shiga gida da gafara. Amma gafara ta ainihi, wadda yaro ya sani da jikinsa, ita ce lokacin da hannun uwa ya sauka. Tsarinta a wurinsa ba ya canzawa: laifi, bulala, "na tuba", sa'an nan a ƙyale shi. Wato sai an biya ake yafewa. Koyarwar majami'a kuwa ta juya tsarin: an riga an biya, wani ne ya biya, kai naka karɓa. Wannan shi suke kira alheri. Yarinyar Galmi ba ta yi tambayar wauta ba. Ta auna abin da aka gaya mata da abin da aka yi mata, ta ga ba su zo daidai ba.

Ƴan kasuwa za su fi kowa gane yadda Linjila ke bayanin gafara, domin da harshen bashi take yinsa. Addu'ar da kowane ɗan Kirista ke haddacewa tun yana ƙarami tana roƙon Allah ya yafe wa mutum gwargwadon yadda shi ma yake yafe wa waɗanda suka yi masa laifi, kuma a littafin Matiyu kalmar da aka yi amfani da ita a harshen asali ta bashi ce. A sura ta 18 akwai misalin baran da sarki ya yafe masa bashin da ba zai iya biya ba har ya mutu, yana fita ya shaƙe wuyan abokinsa saboda ɗan kuɗi kaɗan. Kamar a ce an yafe maka kuɗin tirela goma ta albasa, kai kuma ka tsare ƙofar wanda ka ranta wa dala ashirin. Yaron da aka saba aikensa kanti karɓo sukari bashi, wanda ya ga mai kanti yana rubutawa, ya kuma taɓa ganin an soke rubutun, wannan misali ba ya yi masa wuya ko kaɗan. A nan ma maƙwabta suna taya majami'a koyarwa ba da saninsu ba. Yaron ya ji ana cewa Allah yana yafe haƙƙinsa amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Ya ga ana cigiyar masu bin mamaci bashi kafin a yi masa salla. Ya ga mai niyyar hajji yana bin gidaje yana neman a yafe masa.

Misalin da ya fi wuya shi ne wanda aka fi so, na ɗan da ya karɓi gadonsa ya tafi ya lalatar, a sura ta 15 ta littafin Luka. Da ya dawo tsirara, uban ya hango shi daga nesa, ya sheƙa da gudu ya rungume shi tun bai gama ba da haƙuri ba, aka yanka kiɓaɓɓen maraƙi. Yara suna son labarin, amma in ka saurare su da kyau, da yawansu bayan wan suke bi, wanda ya zauna gida yana noma ba a taɓa yanka masa ko ɗan akuya ba. Su a ganinsu ba a yi adalci ba, tun da ba a bugi mai laifi ba. Kuma uban da ke cikin labarin baƙo ne a wurinsu. Dattijon Bahaushe ba ya gudu a bainar jama'a. Ba ya rungumar ɗansa, balle ɗan fari wanda ko sunansa kunya ba ta barinsa ya kama. Ƙaunarsa tana cikin buhun hatsi da kuɗin magani da kayan salla ko na Kirsimeti, ba a fuska take ba. To, ga majami'a ta ce wa yaro ya kira Allah Uba. Wane uba zai gani in ya rufe ido, in ba wanda ya sani ba?

Iyaye Kiristoci suna da hujjarsu ta bulala, kamar yadda iyaye Musulmi suke da tasu. Littafin Karin Magana ya yabi horo da sanda, mutanenmu kuma sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ka so naka duniya ta ƙi shi. Ban zo jayayya da wannan ba a nan. Abin da na lura shi ne, a gidajenmu gafara hanya ɗaya take bi, daga sama zuwa ƙasa. An ce babba juji ne, kowa ya kwaso shara a kansa yake zubawa, kuma gaskiya ne babba yana haɗiye abubuwa da yawa. Amma babba ba ya cewa yaro "ka yafe mini". In ya zalunce shi, iyakarta wani ya ce wa yaron "yi haƙuri", ko a ba shi ƙosai a rufe maganar. Yaro yana iya kai shekara goma sha biyar yana roƙon gafara kullum, ba a taɓa roƙonsa ba ko sau ɗaya. Rabin addu'ar da ya haddace, wato wajen da shi ne mai yafewa, bai taɓa samun inda zai gwada ta ba sai a kan ƙannensa.

Wa aka biya kuɗin fansa?

Ceto kuwa yaro ya san shi tun da wuri: akuya ta faɗa rijiya an ceto ta, kura ta biyo mutum cikin tatsuniya wani ya cece shi. A Galmi akwai ƙari, domin yaro yana tashi yana ganin ana sauke marasa lafiya daga mota rai a hannun Allah, bayan kwanaki su fito da ƙafarsu. Ba abin mamaki ba ne in ya ɗauka Mai Ceto wani babban likita ne. Kuma laƙabin kansa na gidaje biyu ne: a gidansu Yesu ne Mai Ceto, a gidan kawunsa in aka ce Mai Ceto, Annabi Muhammadu (SAW) ake nufi, da ceton da zai yi ranar kiyama.

Kalmar da ta sake ma'ana a zamaninmu ita ce fansa. Kakanninmu sun san ta a kan bawan da ya fanshi kansa. Yaran bakin iyaka na yau sun san ta ta wata hanya, tun da ƴan bindigar dazuzzukan Zamfara da Sakkwato suka fara satar mutane, abin har ya tsallako ƙauyukan jahohin Maraɗi da Tawa. In malamar makarantar Lahadi ta ce Yesu ya fanshe mu da jininsa, mai wayon cikinsu zai tambaya: wa ya kama mu, kuma wa aka kai wa kuɗin? Kada a raina tambayar. Orijin, malamin Iskandariya na ƙarni na 3, yana ganin Shaiɗan aka biya. Sai a ƙarshen ƙarni na 11 Ansalmu na Kantabari ya ce a'a, Shaiɗan ba shi da haƙƙin kome, bashin na Allah ne. Manyan malamai sun yi ɗaruruwan shekaru a kan abin da ɗan shekara bakwai ke jefowa yana susar ƙafa.

A taron yara akan ce wanda yake so Yesu ya shiga zuciyarsa ya ɗaga hannu. Masu koyarwa sun san yaro ɗaya yakan ɗaga bana, ya ɗaga baɗi, ya sake ɗagawa, domin tun daga wancan karo ya saci mangwaro, kuma a lissafinsa baƙon ya yi fushi ya fita. (Kada mu manta, a Hausa wanda ya yi zuciya fushi ya yi.) Ni a ganina nan ne wurin da ya kamata manya su yi hattara. Sa ƙaramin yaro ya ɗaga hannu ba shi da wuya, a ba shi labarin wuta da dare kawai ya isa. Dattawan ikilisiya da ke jinkirta baftisma har sai mutum ya mallaki hankalinsa, sun san abin da suke gudu.

Kaka da ƙane

Tambayoyi biyu ne iyaye suka fi tsoro. Ta farko takan zo ne bayan an dawo daga yawon salla, ciki cike da naman layyar gidan kaka. In sai ta wurin Yesu ake samun ceto, to, kaka fa? A ɗaya gefen kuma abokin wasa ya riga ya gaya masa a filin lakwal cewa shi ne ɗan wuta. Yara biyu da ke raba rake guda, kowane yana jin tausayin ɗan'uwansa. Akwai iyayen da ke ba da amsar koyarwarsu kai tsaye, akwai masu cewa hukunci na Allah ne, a yi wa kaka addu'a a kuma ci gaba da kai mata tuwo. Ban ga gidan da amsar ta hana zumunci ba, amma na ga yaran da ta hana barci. A ranakun 16 da 17 ga watan Janairu na 2015, lokacin da aka ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai har aka rasa rayuka, shugabannin Kiristocin ƙasar nan sun fito fili sun ce sun yafe, kuma an ba da labarin Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu cikin gidajensu. Yaran da ke makarantar Lahadi a lokacin yau samari ne da ƴanmata. Da yawansu ranar ce suka fara ganin babba ya yafe abin da ba a biya ba.

Ta biyu ta fi nauyi. Binciken lafiyar jama'a na 1992 ya nuna cikin yara 1000 da aka haifa a Nijar, 318 ba su kai shekara biyar. Na 2012 ya nuna adadin ya sauko zuwa 127. Duk da haka gidan da bai binne yaro ba, maƙwabcinsa ya binne. Yaron da aka gaya wa cewa kowa da zunubi ake haihuwarsa, kuma sai wanda ya ba da gaskiya ke tsira, ranar da ƙanensa na goye ya rasu zai haɗa biyun da kansa. Uwa Musulma tana da amsa a shirye, cewa ƙananan yara ƴan aljanna ne. Ƴan Katolika sun daɗe da damuwa kan jaririn da ya mutu ba baftisma, har a 2007 wani kwamitin malamansu a Roma ya bayyana, da yardar Paparoma Benedikt na 16, cewa akwai dalili mai ƙarfi na sa zuciya ga cetonsa. Fastocin bishara kuwa sukan kawo labarin sarki Dawuda, wanda da jaririnsa ya rasu ya tashi ya ci abinci yana mai cewa wata rana shi zai je ya same shi, da kuma yadda Yesu ya tsawata wa almajiransa da suka kori yara daga wurinsa. A bakin kabari dai ban taɓa jin an gaya wa wata uwa cewa ɗanta ya hallaka ba, ko a wane gida.

Da safen da zan bar Galmi, ina ɗaure jaka na ji matar abokina ta kira ɗiyarta bakin murhu. Ashe sun yi maganar da mijinta cikin dare. Ta durƙusa daidai tsawon yarinyar, ta ce mata ta san ba da gangan ta zubar da man ba, ita ce ta yi saurin hannu, ta yafe mata. Yarinyar ta tsaya tana kallonta, an daɗe. Sa'an nan ta ruga gindin bango ta ɗauko tsumagiyar, ta kawo wa ubanta, ta tambaye shi ko shi zai yi wa inna, ko kuwa a kira kaka.